Me ya sa ba ma haƙa sokawe mai zurfi a bakin teku?

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya hana mu zurfafa ramin sokawe a ƙauyukan bakin teku, alhali rairayi na shanye ruwa nan take. To, wannan saurin shanyewar da ya burge ka shi ne abin tsoron.

Fara gane aikin tankin tukuna, wato inda ruwan bayi ke fara taruwa kafin ya wuce ramin sokawe ƙasa ta shanye shi. Ɗaki biyu muke yi masa, na farko ya ci kashi biyu cikin uku na tsawonsa. Ruwan bayi ya shigo ya kwanta kwana ɗaya ko biyu, mai nauyi ya nutse ya zama laka, maiƙo ya taso ya yi ɓawo a sama, ƙananan halittun da ba sa buƙatar iska su riƙa cin lakar a hankali. Abin da ke fita ruwa ne toka-toka mai wari, kuma in akwai mai kwalara ko taifot a gidan, ƙwayoyin cutar na ciki da ransu.

Sauran aikin ƙasa ce ke yin sa, ita ma sai busasshiya, mai iska a cikinta. A nan ruwan ke tsiyaya sannu a hankali, dattin ya maƙale, ƙwayoyin cuta su mutu. Shi ya sa ake barin aƙalla mita 1.5 tsakanin gindin rami da ruwan ƙarƙashin ƙasa, a kuma nisanta shi mita 30 daga rijiya. A bakin teku kuwa, kafin ramin ya kai maka ƙugu sai ka ga ruwa na tsattsafowa ta gefe, yashi na zubowa kan shebur. Ruwan nan kuma ba ya zama wuri ɗaya, teku ya cika ya tashi, ya janye ya sauka. Don haka ka yi awonka da damina, lokacin da teku ya fi cika. Wanda ya zurfafa rami a irin wannan wuri, kai tsaye ya zuba ƙazanta cikin ruwan da rijiyar maƙwabta ke ja, ragowar ta gangara inda ake kamun kifi, gansakuka ta rufe ruwan, kifi ya rasa iska. Yara ne ke fara kwanciya, kuma wannan ba abin da zan yarda a yi da hannunmu ba ne.

Tunda busasshiyar ƙasa ta yi ƙaranci, sai mu gina ta sama. A tara wankakken yashi kaurin santimita 60, a shimfiɗa tsakuwa, a jera bututai masu huji da za su baza ruwan tankin, a rufe da ƙasa a shuka ciyawa. A jihar Wisconsin ta Amurka aka daidaita wannan tsari cikin shekarun 1970. Matsalarsa sau da yawa sai da famfon tura ruwa. Inda babu lantarki na fi son kwarin tsakuwa: a shimfiɗe gindinsa da leda mai kauri, a shuka kachalla, ruwan ya bi ta ƙarƙashin tsakuwar ta cikin saiwoyi, ba ya fitowa fili balle sauro ya samu. Wata masaniya a Jamus, Käthe Seidel, ita ta fara gwada tace ruwa da irin waɗannan tsirrai a shekarun 1950.

Ginin tankin ma da nasa sharaɗi. Kada ka kwaɓa siminti da ruwan teku ko yashin gaɓa, gishiri zai cinye rodi, kankare ya tsage. Ka ba rodin rufin santimita 5. Ka ɗaga bakin murfi sama da inda ambaliya ke kaiwa, don ruwan gishiri in ya shiga da yawa yakan dakushe halittun da ke cin lakar. In an gama, cika shi da ruwa ka bar shi ya kwana ka ga ko yana yoyo. Tanki in babu komai cikinsa, ruwan ƙasa na iya ɗaga shi kamar kwalekwale ya karya bututai, saboda haka duk ranar da aka kwashe, a mayar masa da ruwa a ranar. Kuma ko me ya faɗa ciki, kada ka shiga, iskar da ke cikinsa na kashe mutum cikin mintuna.