Yadda ake yin gari mai ramuka a cikin ƙwayoyinsa

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ake yin garin da kowace ƙwayarsa ke da ramuka, da kuma amfaninsa. Aikin feshi ne, irin wanda ake yin madarar gari da shi. Ana fesa ruwan haɗin cikin iska mai zafi, ya ƙafe tun kafin ya sauka, kowane ɗigo ya koma ƙwaya guda.

Dabarar tana cikin haɗin. A gauraya silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, da mitsi-mitsin ƙwallayen robar polistirin, a busar, sannan a gasa. Robar ta ƙone, gurbinta ya zama rami, kuma girman ƙwallon shi ke yanke girman ramin. In ba a ƙona ba, ka samu ƙwaya mai abu biyu a haɗe.

A cikin amfaninsa, ni dai maganin shaƙa ya fi burge ni. Ƙwaya mai rami ba nauyi, ba ta cika dunƙulewa ba, sai numfashi ya kai ta can cikin huhu. Garin maganin shaƙa na TOBI Podhaler, wanda Amurka ta amince da shi a 2013, irin wannan ne, sai dai shi wani ruwa ne ke ƙafewa ya bar ramukan, ba roba ba.