Amsar tambayar birkin igiya: ATC ko GriGri?

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da dare. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan ja, yanzu na shigo daga Kawo kuma ba ni da ƙarfin rubutu. Ƙanena da ka yi tambaya ɗazu, ka ce yayanku zai taso daga Ingila ƙarshen wata, kana so ya riƙo maka birkin igiya na hawan dutse, wato ƙarfen da ake riƙe igiyar mai hawa da shi don kada ya faɗo ƙasa, ka rasa wanda za ka ce masa tsakanin ATC da GriGri. To, ga abin da na sani.

Tukuna ma, tashi ka duba igiyarka. A bakinta akwai ɗan tef da aka rubuta kaurinta a kai. Kowane birki yana da kaurin igiyar da yake ɗauka, an zana a jikinsa. GriGri na yanzu daga milimita 8.5 ne zuwa 11. In igiya ta yi masa siranta, musamman sabuwa mai santsi, sai ta riƙa sulɓewa. Kuma don Allah igiyar hawa nake nufi, mai ɗan miƙewa idan mutum ya faɗo. Ba igiyar guga ba, ba ta ɗaure kaya a tasha ba.

ATC na kamfanin Black Diamond ne, na Amurka. Ɗan ƙarfe ne mai rami biyu, babu abin da ke motsi a cikinsa. Za ka lanƙwasa igiya ka tura ta rami, ka maƙale da ƙugiya mai makulli a ɗamarar ƙugunka. Shi ke nan. Lanƙwasar nan ita ce birkin, amma sai hannunka yana riƙe da igiyar a ƙasa, wajen cinya. Ka ɗaga hannu sama, birki ya ragu. Ka saki, mutum ya taho. Ba shi da tausayi ko kaɗan, shi ya sa ma nake son sabon shiga ya fara da shi, don yana koya wa hannu ladabi.

Shi kuwa GriGri na Petzl ne, 'yan Faransa, tun 1991 suka fito da shi. A cikinsa akwai wani ɗan harshe, idan igiya ta fizgu da ƙarfi sai ya juya ya danne ta, kamar yadda bel ɗin mota ke cijewa in direba ya taka birki ba shiri. Abu ne mai kyau, wallahi ban raina shi ba. Idan abokin hawanka irin masu rataya ne a wuri ɗaya minti goma suna nazarin inda za su sa ƙafa, GriGri zai hutar maka da hannu. To amma a nan mutane ke ruɗuwa, su ɗauka ya zama mai gadi, har ka ga mutum ya saki igiya yana ɗaukar hoto. Su kansu masu yin sa cewa suka yi taimako yake yi, hannun birki ba ya barin igiya.

Bari in ba ku nawa. Wata Asabar a wani dutse ta wajen Kajuru, ina sauke wani abokina, ya fi ni jiki nesa ba kusa ba. Akwai ɗan mariƙi a gefen GriGri da ake ja a hankali don a sauke mutum. Na ja, ya fara saukowa da sauri, sai na firgita, maimakon in saki sai na ƙara janyo shi baya gaba ɗaya. Igiya ta zuba a tafina kamar an ɗora min garwashi. Allah ya taimaka ɗaya hannun bai saki ba, na saki mariƙin ya cije, ya tsaya ƙafarsa saura kaɗan ta taɓa ƙasa. Ya kalle ni, na kalle shi, ba wanda ya ce uffan. Laifina ne, ban koya a ƙasa ba na hau da shi dutse. Akwai GriGri+ da aka yi saboda irin wannan, in ka ja mariƙin ya wuce kima sai ya sake cijewa da kansa. Sannan a jikinsa an zana ɗan mutum mai hawa a gefe ɗaya, hannu a ɗaya gefen. Ka sa igiyar a juye, saɓanin zanen, harshen ba zai kama ba. Kullum ku duba juna kafin ƙafa ta bar ƙasa.

Wani abin kuma, GriGri igiya ɗaya yake ci. Ranar da za ka sauko da kanka a kan igiya ruɓi biyu, ATC za ka nema. Kuɗinsa ma ya ninka na ATC sau uku ko fiye. Akwai na tsaka-tsaki, irin su Mega Jul na Edelrid da Smart na Mammut, suna taimaka wa birki ba tare da harshe mai motsi ba, amma su ma sai an koya.

Don haka ni dai in ka bi tawa, ka ce ya kawo ATC Guide, mai ƙarin ido ɗin nan da ake ratayawa in kana sama kana janyo na ƙasa, da ƙugiya mai makulli mai siffar fiya, wadda ake kira HMS. Ya saya a shagon kayan hawa, da takardarsa, a ga tambarin inganci na CE ko UIAA. GriGri ya biyo baya in hannu ya faɗa. Na gwanjo kuwa, ko kyauta aka ba ka ka bar shi, ba ka san wahalar da ya sha ba.

Au, na kusa mantawa. Ƙurar hunturunmu tana cin waɗannan ƙarafan. Igiya ta kwashi yashi, ta bi ta ciki tana gurzawa, ka ga tafinka ya yi baƙi, to ƙarfen ne yake zaizayewa. Ku riƙa shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma a zube igiya a kai. Kuma lokaci-lokaci ka shafa ɗan yatsa a bakin ramin, in ka ji ya yi kaifi, ya gama aiki.

Asabar ka zo da igiyar mu karanta tef ɗin tare kafin ka tura wa yayan naka saƙo. Zan zo da nawa duka biyun, mu rataya buhun yashi a bishiyar mangwaron nan ka gwada. Sai da safenku.