Ƙwayar da kake sha saboda gwiwar hannu, ga amsata

Kai yaro, na ga saƙonka tun daren jiya. Wai tunda muka sauko daga ƙarfen sabis ɗin nan na hanyar Bukuru gwiwar hannunka ke zafi ta ciki, ko sifana ka matsa sai kaji kamar an soka maka allura, kana shan diclofenac safe da yamma, wani abokinka yace ka haɗa da Felvin, shin ka haɗa? Kar ka kuskura.

Wlh tambayar nan ta tayar min da tsohon miki. Shekarun baya wani Alhaji a Rayfield ya bani kwangilar ɗaura fitilun sola a kan falwaya arba'in, ya bada kafin alƙalami, sauran kuɗi sai an gama. Muna kan ta goma sha biyar hannuna ya fara irin naka, ga azumi ya kama, naje kemis aka ƙulla min haɗi a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, in watsa da sahur da ruwan shayi kawai in wuni a sama ba ruwa. Zafi ya ɗauke, na ɗauka na warke. Sati biyu bayan gidana ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta ban kula ba, sai ranar da nayi aman jini a gindin falwaya yarana suka kwashe ni. Kwana tara ina kwance, leda uku na jini aka ƙara min. Kafin a sallame ni Alhajin nan ya kira wani ya ƙarasa guda takwas da suka rage, yace ni na saɓa alkawari, balas ɗina ko sisi, mutumin da na hau masa falwaya 32, fiye da rabinsu da hannu mai ciwo! Ko sannu bai aiko ba. Na barshi da Allah, kuma har yau in na wuce layin nan da dare naga fitilun na ci sai raina ya ɓaci.

A gadon asibiti likita ya fahimtar dani cewa diclofenac da ibuprofen da piroxicam, wato Felvin ɗin abokinka, duk 'yan gida ɗaya ne, suna rage abin da ke kare bangon ciki, in jiki ba ruwa kuma su taɓa ƙoda. Haɗa biyu baya ƙara sauƙi, gyambon ciki yake jawowa. Ita kuma jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi jini kaɗan ke kai mata, shi yasa take ɗaukar watanni, ƙwaya ta rufe mata baki ne kawai ina ta ƙara yagata.

Ku yaran yanzu ba kwa son jin a huta, kuna so a sha abu yau a hau gobe. To iri ɗaya tak zaka sha, bayan ka ci abinci, kwana kaɗan ka tsaya. Ibuprofen kar ya wuce 1200mg a wuni sai da izinin likita. Gara ma na shafawa, ko farasitamol. Ƙanƙara a tsumma minti 15 in ya kumbura. In kaji ƙaramin yatsa da na kusa dashi sun mutu, ko kaji wani abu ya tsinke ƙwanjinka ya dunƙule, kar ka je wurin mai ɗori, ka wuce JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo ranar.

Yadda ake rataya nauyi a bel da ƙafa maimakon ɗamƙe ƙarfe da hannu kuwa ba zan ɓata bakina ba, shekara nawa kana kallona. Litinin ka zo, amma a ƙasa zaka tsaya kana ɗaure mana kaya a igiya, kuma ka taho min da ledar maganin in gani.