Tambaya da Amsa: Kwana Uku a Ƙaramin Otal na Alfarma a Gaɓar Tekun Accra

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kumasi, ina sayar da yadi a Kejetia, gidana kuma yana Aboabo. Bana muka cika shekara 20 da aure ni da uwargidana, kuma duk zuwan da muka taɓa yi Accra, ko dai biki ne ko ta'aziyya, a gidan yayanta da ke Nima muke sauka, mu kwana cikin hayaniyar yara, mu juyo ba ta ko ga teku da idonta ba. Babban ɗanmu ya nuna mini hotunan wasu ƙananan otal-otal masu tsada da ake ce wa butik, na kuma ƙudurta in kai ta ɗaya daga cikinsu ta huta kwana uku. Ina so a bayyana mini abin da ya bambanta su da manyan otal, da ko sun dace da mutumin da yake kiyaye sallarsa, ba ya kuma son a kusanto shi da giya, sannan da yadda zan yi da surukina don kada ya ga kamar mun raina gidansa. Daga wani Alhaji a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara danƙon aure, ya kuma saka maka da alheri bisa wannan niyya.

Irin otal ɗin da ɗanka ya nuna maka yawanci ba ya wuce ɗaki 10 zuwa 40, kuma da dama daga cikin na Accra tsofaffin gidaje ne da aka gyara a unguwanni irin su Osu da Labone da Cantonments, aka ƙawata kowane ɗaki da nasa salon, wani da zanen kente, wani da kujerun katako na gida. A babban otal mai ɗaki ɗari biyu lambar ɗakinka aka sani, a ƙaramin kuwa zuwa safiyar kwana na biyu mai kawo abinci ya riga ya san cewa Hajiya ba ta son sukari a shayi. Abin da kake biya da wannan kuɗi mai yawa ke nan, wato natsuwa da kulawa, domin gado da na'urar sanyaya ɗaki kana iya samunsu a masauki mai rahusa. Tun da kulawa kake saya, wanda ya ji nauyin faɗin abin da yake so shi ne ya yi asara, kuma na lura wannan ita ce matsalar mutanenmu na zango idan sun shiga irin waɗannan wurare: sai mutum ya biya kuɗinsa cur, sannan ya riƙa lallaɓawa kamar wanda aka yi wa alfarma.

Kafin maganar sallah da abinci, bari in fara da tekun, tun da ita ce dalilin tafiyar. Accra tana bakin teku, amma yawancin otal-otal ɗinta ba sa bakin teku. Wanda yake Cantonments ko kusa da filin jirgin sama sai ka shiga mota kafin ka ga ruwa, wanda yake Osu kuma yana iya kasancewa kusa da gaɓa ba tare da tagar ɗakinka ta kalli can ba. Na taɓa kama ɗaki a wani wuri da aka rubuta cewa ana hango teku daga cikinsa, da na isa sai na tarar gaskiya suka faɗa, amma sai ka fita baranda, ka dafa ƙarfe, ka leƙa ta tsakanin tankin ruwa da katangar maƙwabta, sannan ka hango wani ɗan shuɗi kamar faɗin tafin hannu. Tun daga ranar nake ba da shawara guda: ka sa ɗanka ya kira su, ya roƙi a ɗauko bidiyo ta WhatsApp daga cikin ainihin ɗakin da za a ba ku, daga ƙofa har taga, a kuma faɗa masa lambar ɗakin. Wurin da yake da gaskiya ba zai ƙi ba.

Sannan ba kowace gaɓa ce za ta faranta wa Hajiya rai ba. Wajen Jamestown akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da kwale-kwalen masunta masu launi iri-iri, wuri ne na kallo da ɗaukar hoto, amma nan kusa ne tafkin Korle yake juye dattin gari a teku, kuma bayan ruwan sama leda takan rufe yashi. Wajen Labadi an fi share gaɓa, sai dai ranakun Asabar da Lahadi kiɗa ne tun daga rana har dare. Saboda haka idan hutu kuke so, ku shiga ranar Litinin ku fito Alhamis. Idan kuma ba dole ne sai cikin Accra ba, akwai irin waɗannan masaukai a Kokrobite, kimanin kilomita 30 yamma da birnin, da Ada inda kogin Volta yake shiga teku, da kuma Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a 1482, wadda ma daga Kumasi akwai hanyar da za ta kai ka can ta Assin Fosu da Cape Coast ba tare da ka bi ta Accra ba. Ko'ina kuka zaɓa, ku tsaya inda ruwa bai wuce idon sawu ba, domin igiyar ruwan gaɓarmu tana da ƙarfin ja, kuma ta sha tafiya da waɗanda suka iya ninƙaya, balle wanda ya taso a Kumasi.

Game da addini, zan faɗa maka gaskiya yadda take. Kusan duk irin waɗannan wurare suna sayar da giya, kuma a yawancin ɗakunan akwai ƙaramin firiji da ake jera kwalabe a ciki, wasu na lemo da ruwa, wasu na barasa. Ka gaya musu tun kafin ku taso cewa a kwashe na barasa, a bar ruwa da lemo. Aikin minti biyu ne a wurinsu, kuma sun saba da shi. Ka sani cewa abin da ke cikin firijin nan ba kyauta ba ne, ana rubuta shi a takardar biya da farashin da ya ninka na kanti, ban da ruwan da aka ajiye a kan tebur, shi ma ka tambaya. A wurin karin kumallo ake fi samun matsala, domin sukan soya naman alade a yanka siri-siri ko a cusa shi a hanji, kuma wani lokaci a kasko ɗaya ake soya shi da ƙwai. A nan ne ƙanƙantar otal ɗin take amfani: kana iya neman ganin mai dafa abinci da kansa, ka roƙe shi ya soya muku ƙwai a kasko dabam, ka tambaye shi daga ina suke sayen nama da kaji. Idan amsar ba ta kwanta maka a rai ba, kifi yana nan, kuma a bakin teku ba a rasa mai kyau, sai dai ka tuna cewa masuntan gaɓar nan bisa al'ada ba sa fita kamun kifi ranar Talata. Idan Hajiya ta yi marmarin koko da ƙosai ko wake da shinkafa irin na gida, Nima da Mamobi ba su da nisa daga Osu.

Ku tafi da butarku da dardumarku, domin ba kasafai ake samunsu a ɗaki ba, kuma ka duba ko banɗakin yana da ƙofa ta sosai. Ba wasa nake yi ba: masu tsara irin waɗannan ɗakuna suna son bangon gilashi tsakanin makewayi da gado, abin da su suke gani ado, mu kuwa muke gani rashin sutura. Wannan ma bidiyon da na ambata zai nuna maka shi. Alƙibla daga Accra tana gabas ne da ɗan karkatawa arewa, kusan daidai da yadda gaɓar take miƙewa zuwa Tema, saboda haka idan ka tsaya teku tana hannunka na dama kana fuskantar wajen Tema, ka yi kusa da daidai, sai ka tabbatar da manhajar waya. Idan kwanakin sun haɗa da Juma'a, Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 bisa fasalin masallatan Turkiyya, ya isa a kai Hajiya ta gani ko da ba don salla ba. Wurin ninƙaya na otal kuwa a buɗe yake ga kowa, maza da mata, da irin shigar da ka sani. Idan ba ka son ganin haka, ka nemi ɗakin da barandarsa ba ta kallonsa.

Maganar kuɗi gajeriya ce amma a nan ake yawan jin ciwo. Ka tambaya ko farashin da aka faɗa ya haɗa da haraji da karin kumallo, domin harajin VAT da na inshorar lafiya da na asusun ilimi, da kashi 1 cikin 100 na yawon buɗe ido, idan aka tara su sukan ƙara wajen kashi ɗaya cikin biyar a kan kuɗin. Wasu wuraren suna rubuta farashi da dala, alhali Babban Bankin Ghana ya sha gargaɗi cewa ba a yarda a sa farashi da kuɗin waje ba sai da izininsa. Kai dai ka ce a rubuto maka jimillar da sidi kafin ka tura kafin alƙalami, ka kuma karɓi rasit. Kada ka tura MoMo, wato kuɗi ta waya, zuwa lambar wani mutum da ka gani a Facebook, sai ka tabbatar sunan otal ɗin ne yake fitowa. Otal na gaskiya yana da lasisin Hukumar Yawon Buɗe Ido ta Ghana, kuma yawanci yana rataye a wurin karɓar baƙi. Ka tambayi batun janareta da ruwa ma, domin kyan ɗaki ba ya hana a ɗauke wuta. Ku riƙe katinku na shaidar ɗan ƙasa na Ghana, za a nema. Akan ba da ɗaki wajen ƙarfe 2 na rana, a karɓe shi wajen 12 na rana ranar fita, saboda haka idan motar safe kuka hau daga Asafo, tafiyar kilomita wajen 250 za ta kai ku daidai lokaci.

Saura surukinka, kuma a ganina wannan ya fi duk sauran nauyi. Kada ka ɓoye masa, domin a Nima labari ba ya kwana, kuma ya ji daga bakin wani cewa an ga ƙanwarsa a Osu ya fi ciwo a kan ya ji daga bakinka. Ka kira shi tun da mako guda, ka gaya masa cewa alkawari ne ka yi wa Hajiya na cikar shekara 20, kana neman ya sa albarka. Ranar da kuka iso ku fara sauka gidansa da tsarabar Kumasi, ku ci abincin rana a can, sannan ku wuce masauki, ranar komawa kuma ku biyo ku yi sallama. Idan da hali ka gayyace shi da iyalinsa shan shayi da yamma ɗaya, amma ka sanar da otal tukuna, domin ƙananan wurare suna da ƙa'ida kan baƙin da ke shigowa.

Tambaya: Ni da ƙawayena uku muna son irin wannan hutu a Accra cikin Disamba. Shin lokacin ya dace? Daga wata Hajiya a Asawase.

Amsa: Hajiya, Disamba shi ne watan da ya fi kowane tsada. Tun daga 2019, shekarar da gwamnati ta gayyaci jikokin bayin da aka kwashe zuwa Amurka da sauran ƙasashe su dawo gida ziyara, ƙarshen shekara a Accra ya zama lokacin cunkoso, ɗakuna suna ƙarewa tun watanni kafin lokacin, Osu da Labadi kuma ba a barci saboda kiɗa. Ga hazon hunturu da kan dusashe tekun da kuka zo kallo. Idan shiru kuke so, akwai kusan wata guda tsakanin Mayu da Yuni da sarakunan ƙabilar Ga, 'yan asalin Accra, suke hana kiɗa da hayaniya gabanin bikinsu na gargajiya na Homowo, sai dai lokacin ne damina take da ƙarfi, kuma wanda ya tuna ambaliyar 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Circle ya san ruwan Accra ba abin wasa ba ne. Ni da zan zaɓa muku, da na ce Agusta ko farkon Satumba, lokacin da ruwa ya ɗan tsagaita, gari ya yi sanyi. Tun da ku huɗu ne, ku tambayi ɗakuna biyu masu gado bibbiyu da ke kusa da juna, ku kuma nemi ragi a kan kwana uku, domin a ƙaramin otal sau da yawa mai wurin ne da kansa yake ɗaga waya.