Tambaya da Amsa: Rokar Takarda Mai Tashi da Iskar Gora

Assalamu alaikum. Ina koyar da kimiyya a aji biyar na firamare. Ina so in haɗa wa ɗalibaina abin harba rokar takarda da iska zalla, ba wuta ba sinadari. Me zan tanada, kuma yaya ake haɗa shi? — Wata malama

Wa alaikumus salam, Malama. Kayan ba su da yawa: gorar lemon kwalba ta roba mai lita 2, bututun ruwa na PVC mai rabin inci, guntun tiyo ko tsohon tiyub ɗin keke mai tsawon santimita 50 zuwa 60, salatif mai faɗi da ƙarfi, takarda, kwali mara kauri, almakashi da ƙaramin zarto. Ki nemi gorar lemo mai gas, domin an yi ta ne don ta jure matsi, kuma takan sha taku da yawa kafin ta tsage. Gorar ruwa mai laushi ba ta daɗewa.

Ki yanka bututun gida biyu: guntu mai santimita 10, da dogo mai santimita 40. Bututun rabin inci faɗinsa ta waje kusan milimita 21 ne, saboda haka yakan shige bakin gorar daidai. Ki tura guntun ciki kamar santimita 3, ki naɗe mahaɗar da salatif sosai. Ki haɗa ɗaya bakinsa da tiyo, ki haɗa ƙarshen tiyon da dogon bututun, ki naɗe kowace mahaɗa. Ki goge bakin dogon bututun ya yi sumul, don kada ya kama takarda. A jikin ƙafar kujera ko wani katako za a ɗaure shi, bakinsa na kallon sama.

Rokar kuma a jikin bututun ake naɗe ta. Ki fara zagaye bututun da takarda ɗaya a matsayin ma'auni, sannan ki naɗa ta biyu a kanta, ki liƙe gefenta da salatif daga sama har ƙasa. Idan kika zare su kika cire ta cikin, za ki samu roka wadda ta ɗan fi bututun faɗi kaɗan. Ki lanƙwashe bakinta na sama ki toshe shi da salatif ninki biyu ko uku, ki ɗora mata ƙaramar hula mai tsini ta kwali, ki liƙa fukafukai uku ko huɗu a gindinta. A zura ta a bututu, yaro ya taka tsakiyar gorar da ƙarfi sau ɗaya. Don gorar ta dawo da siffarta, a dunƙule hannu a bakin bututun a hura ta ciki, kada yara su riƙa sa baki kai tsaye ɗaya bayan ɗaya.

Mun haɗa ni da ɗana, amma idan ya taka gorar sai rokar ta ɗan daka tsalle ta faɗo kusa da ƙafarmu. Wani lokaci kanta ne ke fashewa. Ina matsalar take? — Wani mahaifi

Malam, iska ce ke tserewa, ko kuma tana isowa a makare. Abin da ke faruwa shi ne, idan aka matse gorar, wurin da iska take ciki ya ragu, matsinta ya ƙaru. Wannan ita ce dangantakar da Robert Boyle ya wallafa a 1662: in aka rage wa iska rabin wurinta, matsinta zai ninka, matuƙar zafinta bai canza ba. Iskar sai ta nemi mafita, kuma tana bin wadda ta fi sauƙi. In akwai ɗan rami a mahaɗa, ta nan za ta bi.

Ga yadda za ka gano. Ka cire rokar, ka toshe bakin bututun da tafin hannu, ɗanka ya danna gorar da hannu a hankali. In ta lotse, akwai yoyo, kuma za ka ji hucinsa a mahaɗa. Ita ma rokar ka gwada ta: ka hura ta gindinta, in iska ta fita ta kai ko ta gefe, a ƙara salatif. Fashewar kai da kake gani alama ce mai kyau, tana nuna matsin yana isowa, hular ce ba ta da ƙwari. A toshe bakin jikin rokar tukuna kafin a ɗora hula, kada a bar wa hular aikin tare iska.

Sai maganar tsawon tiyo, wadda mutane ba su cika kula da ita ba. Mita ɗaya na bututun rabin inci yana ɗauke da iska kusan mililita 200. Wanda ya sa tiyo mai mita uku ya ba gorarsa aikin matse ƙarin iska kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke cikinta kafin komai ya kai ga roka. Gajeren tiyo ya fi, kuma kada ya lanƙwashe. A duba zaman rokar a bututu ma: in ta matse, gogayya za ta cinye ƙarfin, in ta yi sako-sako, iska za ta zurare ta gefe. Daidai shi ne ta zame ƙasa da kanta a hankali. Takun kuma ya zama na farat ɗaya, a tsakiyar gorar, ban da gindinta mai tauri, don can ne take tsagewa.

Tawa tana tashi, amma tana wuntsila gudidi a sama, ba ta tafiya miƙe. — Wani ɗalibi

Sannu da ƙoƙari, ɗan samari. Rokarka tana bukatar nauyi a gaba, fukafukai a baya. Ka ɗora ta a kan yatsa ka nemo inda take daidaita. Wurin ya kamata ya kasance gaba da tsakiya, wajen kai. In yana baya, ka cusa ɗan yumɓu kamar girman ƙwayar wake a cikin hular, ko ka ƙara naɗin salatif a kan. Fukafukan su zama na kwali, girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya, a can ƙarshen gindi. Kafin ka harba, ɗaura zare a wurin daidaiton ka juya ta a saman kanka: in kai ne ke gaba tana zagayawa, ta gyaru.

Zan iya sa famfon keke da bawul in tara iska a babban bututu don ta fi nisa? — Wani mai sha'awar ƙere-ƙere

Ba mu ba da wannan shawarar ga aikin yara ba, Malam. Bututun PVC don ruwa aka yi shi. Iska tana matsuwa ta tara ƙarfi, kuma idan bututun ya gaza ba tsagewa kawai yake yi ba, tarwatsewa yake yi ya watsa ɓaraguzai masu kaifi. Wanda ya sha rana ko ya taɓa faɗuwa ya fi haɗari. A na'urar taku matsin ɗan lokaci ne, kuma bakin bututu a buɗe yake.

Ita ma ta takun tana da dokoki: a fili ake harbawa, nesa da titi da wayoyin lantarki, ba a saita mutum ko dabba, ba a sa ƙusa, dutse ko wani ƙarfe a kan roka, ba a leƙa bakin bututu, mai zura roka ya ja da baya kafin a taka, kuma ya sa tabarau na kariya.

Yaya zan mayar da wannan darasi na gaske, kada ya tsaya a wasa? — Malamar da ta yi tambayar farko

Ki sa su auna, Malama, kuma su riƙa canza abu ɗaya tak a kowane gwaji. Ku fara da kusurwa: digiri 30, 45 da 60, roka ɗaya, mai taku ɗaya, harbi uku a kowace kusurwa, a ɗauki matsakaici. A lissafi digiri 45 ne ke ba da nisa mafi tsawo, kuma 30 da 60 suna sauka wuri ɗaya. Rokar takarda ba ta da nauyi, iska na ja mata birki, don haka sau da yawa za ku ga ƙasa da 45 kaɗan ya fi. Wannan saɓanin da kansa abin tattaunawa ne mai kyau a aji.

Tsayin da ta kai kuwa ana ƙiyasta shi da agogo. A harba ta sama tsaye, a ƙirga sakan daga tashi zuwa sauka, a ninka adadin da kansa, sannan a ninka da 1.2. Sakan 3 ya ba da kusan mita 11, sakan 4 kusan mita 19. Ƙiyasi ne, domin lissafin bai sa jan iska a ciki ba.

Ki kuma tambaye su ko wannan roka ce ta gaske. Roka ta gaske tana ɗauke da man da take ƙonawa, tana feso hayaƙi baya ya tura ta gaba, bisa doka ta uku ta motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687. Tamu kuwa duk turin da za ta samu tana samunsa ne a cikin santimita 25 zuwa 30 da take zamewa a jikin bututu. Ki sa su yi roka biyu, doguwa da gajera, su ga wadda ta fi cin moriyar turin.