Hukuncin Koya wa Ɗan Kwikwiyo Buga Ƙararrawa Idan Ya Matsu

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni 'yar Zariya ce, ina aure a jihar Minesota ta Amurka. Maigidana aikin dare yake yi, kuma bara ɓarayi sun fasa mana taga ina ciki da yara. Shi ne ya samo ɗan kwikwiyo ɗan wata uku don ya girma ya yi mana gadi. Damuwata fitsari da kashi a kan kafet. Yara suka gani a YouTube ana rataya 'yar ƙararrawa a jikin ƙofa, a koya wa kwikwiyo taɓa ta da hanci idan ya matsu, sai a buɗe masa ya fita. Mun fara, har ya soma ganewa, da asuba yakan taso daga ɗakin autata ya je ya buga. Sai wani malami a gida ya turo wa yayata saƙon murya cewa na haɗa abu biyu masu korar mala'iku, wai ƙararrawa sarewar Shaiɗan ce, haramun ce. Hankalina ya tashi. In cire ta ne?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya kiyaye gaba, Malama, ya mayar miki da natsuwarki. Macen da aka fasa wa taga tsakar dare mijinta ba ya nan, babu mai ganin laifinta don ta nemi abin da zai sa ta iya runtsawa.

Koyar da kare halal ne, aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta wadatar. Ajiye shi don gadin gida inda ake da tsoro na gaske, malamai da yawa sun yi ƙiyasinsa a kan karen gona da na kiwo. Masu sharhin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, sun kawo cewa marubucinta Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a Ƙairawan a shekara ta 386 bayan Hijira, shi da ya rubuta da hannunsa cewa ba a ajiye kare a gidajen gari, katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Uzurinku irin nasa ne.

Maganar ƙararrawa kuwa, hadisan da malamin nan ya jingina da su ingantattu ne, Muslim ya ruwaito su daga Abu Huraira: mala'iku ba sa rakiyar ayarin da ke da kare ko ƙararrawa, kuma ƙararrawa sarewar Shaiɗan ce. Ban musanta ko ɗaya ba. Inda na saɓa masa shi ne yadda ya tsallaka daga nan ya ce kowace ƙararrawa haramun ce.

Dubi lafazin. Maganar ayari ake yi, matafiya da raƙumansu, da ƙararrawar da aka ɗaura a wuyan dabba tana kaɗawa ba tsayawa tun fitowa har sauka. Masu sharhin hadisin, Imamun Nawawi a cikinsu, sun ɗauke shi a kan karhanci, ba su kai shi haramci ba. Sannan sun tsaya neman dalilin hanin. Wasu suka ce don ta yi kama da abin da Nasara ke bugawa na kiran ibada, wasu suka ce don Larabawa suna rataya wa dabba abubuwa a wuya da ƙudurin tsari daga kambun baka, wasu suka ce don daɗin sautinta da shagaltarwarsa, wasu kuma don tana tona asirin ayari ga maƙiya. Ɗauki ƙararrawarki ki gwada ta da kowane ɗaya. Ba kiran ibada take yi ba, ba laya ba ce, babu mai zama ya saurare ta don nishaɗi. Tana rataye shiru a jikin ƙofa, sai 'yan lokuta a yini ta yi ƙara ta daƙiƙa guda, ma'anar ƙarar kuma ita ce a tashi a buɗe kafin najasa ta zuba inda ake sallah.

Da zatin sautin ne abin ƙi ta kowace fuska, da Annabi sallallahu alaihi wa sallam bai kamanta mafi tsananin nau'in wahayi da amon ƙararrawa ba, kamar yadda ya zo a farkon Bukhari a amsar da ya ba Harisu bin Hisham. Kuma duk wanda ya haramta ta baki ɗaya, dole ya haramta ƙararrawar ƙofar gida, da ta agogon da ke tashinmu sallar asuba, da wadda ake bugawa a Islamiyya idan za a tashi yara. Ina kyautata zaton shi kansa malamin ba zai faɗi haka ba. Ya ji kare da ƙararrawa a tambaya ɗaya, hadisin ya faɗo masa, ya amsa kafin ya tambayi inda ƙararrawar take da abin da take yi. Kada ki raina shi a kan wannan, amma fatawar da ta biyo ta bakin mutum uku kafin ta iso gare ki, ki riƙa bincikarta kafin ta hana ki barci.

Abu guda zan hana ki: kada ki ɗaura masa ita a wuya, wannan shi ya fi kusa da nassin. Idan kuma zuciyarki ta ƙi kwanciya duk da haka, akwai ɗan maɓalli da ake ajiyewa a ƙasa ya taka da ƙafa, aikinsu ɗaya.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a wasiƙarki, wanda ke ba ki tambaya ba. Kin ce yana tasowa daga ɗakin autarki. Ashe ƙararrawar ta cikin gida take, shi ma a ciki yake kwana. A nan hukuncin ya canza. Ranar da Jibrilu ya yi alkawarin zuwa bai zo ba, abin da aka samu a ƙarƙashin gadon Annabi sallallahu alaihi wa sallam ɗan kwikwiyo ne irin naki, kuma bai ma san yana wurin ba. Imamul Khaɗɗabi yana ganin karen da aka yi izinin ajiyewa ba ya hana mala'ikun rahama shiga, Nawawi ya ce hanin ya game kowane kare, ya kafa hujja da wannan kwikwiyon. Ni maganar Nawawi nake bi. Izinin da shari'a ta bayar na gadi ne, mai gadi kuma bakin ƙofa yake kwana. Karen da ya tashi a gefen gadon yarinya, kafin shekara ya zama ɗan gida, dalilin da ya halatta shi ya bi ruwa, ku koma cikin waɗanda hadisi ya ce ladansu na raguwa kullum saboda ajiye kare ba da uzuri ba.

Ban ce ki jefa shi waje ba. A garinku akwai dararen Janairu da sanyi ke wuce digiri 20 a ƙarƙashin sifili, kwikwiyo ɗan wata uku ba zai kai safiya ba, kuma kin san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu. Ki yi masa wuri a gareji ko ɗan zauren da ake tuɓe takalma, wurin da ba a zama, ba a kwana, ba a sallah, a sa masa abin ɗumi, a tsaftace wurin daga man mota da ruwan sanyaya inji domin guba ne gare shi. Ƙararrawar ta koma ƙofar da ke fita daga nan zuwa fili. Sai dai ki tabbata ana jin ta daga ciki, don zalunci ne a koya wa dabba kira sannan a ƙi amsawa. A shekarunsa ba ya iya riƙe fitsari fiye da awa uku ko huɗu, saboda haka a fitar da shi da zarar ya farka, da bayan ya ci, da bayan wasa, ko bai buga ba. Idan ya yi kuskure kada a doke shi, kada a dangwara hancinsa a fitsarin, abin da zai koya kawai shi ne ɓoyewa ya yi a bayan kujera. A kai shi likitan dabbobi a yi masa rigakafin haukan kare a kan lokaci, wannan haƙƙin 'ya'yanki ne da na maƙwabta.

Kafet ɗin da ya riga ya ɓata, fitsarinsa da kashinsa najasa ne a mazhabobi huɗu. Feshin da ake sayarwa na kashe wari yana da amfani, amma a wurinmu Malikawa ruwa tsantsa ne ke tsarkakewa, don haka bayan feshin ki zuba ruwa ki tsane, ki maimaita har launi da wari su tafi. Jikinsa da yawunsa masu tsarki ne a mazhabarmu, kada waswasi ya kama ki don ya goge ki. Amma mafi yawan Musulmin da kike cuɗanya da su a Minesota 'yan Somaliya ne, Shafi'awa, su yawun kare wanki bakwai yake ja musu, ɗaya da ƙasa. Idan baƙuwa za ta zo, ki kulle shi tun kafin ta iso.

Ki zauna da maigida a kan wannan, ba lokacin da ya dawo daga aiki idonsa ja ba. Autarki za ta yi kuka, kuma tana makaranta da yaran da karnukansu ke hawa gadonsu, don haka kada ki ce mata kare abin ƙyama ne. Ki gaya mata aikinsa gadi ne, ɗakinsa yana can, kuma daga yau ita ce mai kai masa abinci da ruwa, tana da lada a kan kowane kwano. Ki sa ta a azkar na kwanciya tare da ke, Ayatul Kursiyyu da ƙarshen Baƙara, musamman dararen da babanta yake wurin aiki.

Wallahu a'alam.