Tambayoyi da Amsoshi: Haɗa Hotunan Infirared Domin Neman Shaidar ARPS

Tambaya ta farko a wannan makon ta fito daga wani mai karatu a Zariya, wanda ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum, Malam. Shekara shida ke nan ina ɗaukar hotunan karkara, kuma bara na sa aka juya mini tsohuwar kyamarata ta koma ɗaukar infirared. Ina so in nemi shaidar ƙwarewa ta Royal Photographic Society da waɗannan hotuna. Na tara kusan ɗari uku, wasu baƙi da fari, wasu masu launi. Wane mataki ya kamata in nema, kuma ta yaya zan zaɓi hotunan?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙungiyar masu ɗaukar hoto da ka ambata an kafa ta a Landan a 1853, kuma hedikwatarta tana Biristol a Ingila, amma tana karɓar masu nema daga kowace ƙasa. Matakanta uku ne: LRPS mai hotuna 10, ARPS mai hotuna 15 tare da gajeren bayanin manufa, sai FRPS mai hotuna 20 ko 21. Shawarata ita ce ka nufi ARPS, domin ba sharaɗi ba ne sai ka bi ta matakin farko. Matakin farko yana so mutum ya nuna cewa ya iya sarrafa kyamara a yanayi iri-iri, ita kuwa ARPS jigo guda take nema wanda aka bi shi da zurfi, kuma a nan ne aikin infirared ya fi zama daram. Ka karanta jagorar ƙungiyar ta shekarar da za ka nema kafin ka kashe ko sisi, saboda sukan sabunta ƙa'idoji, kuma ka sani cewa sai kana cikin ƙungiyar kake da ikon sanya waɗannan haruffa a bayan sunanka.

Kafin mu shiga zaɓe, ya dace mu tuna abin da kyamararka take gani. Idon ɗan Adam yana tsayawa a wajen nanomita 700 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ce), inda launin ja ya ƙare, amma sansar kyamara, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikinta, wadda aka yi da silikon, tana ci gaba da ganin haske har kusan nanomita 1100, kuma wannan hasken da ido ba ya gani shi ake kira infirared. William Herschel ne ya gano wannan haske a 1800, sannan Robert W. Wood ya wallafa hotunan da ya ɗauka da shi a 1910, shi ya sa ake danganta farin da ganye ke yi a irin waɗannan hotuna da sunansa. Ganye yana fitowa fari ne saboda ƙwayoyin da ke cikin naman ganyen suna watsa wannan haske da ƙarfi, sararin sama yana yin duhu saboda iska ba ta watsa dogon zango kamar yadda take watsa shuɗi, ruwa kuma yana shanye shi sai ya koma baƙi wuluk. Na kawo wannan bayani ne domin masu tantancewar ƙungiyar sun san shi sarai, sun kuma ga farar bishiya a ƙarƙashin baƙin sama har sun gaji. Abin da ke sa abokanka riƙe baki a WhatsApp ba zai motsa su ba. Abin da za su tambaya shi ne ko hoton zai tsaya da ƙafarsa in an cire mamakin farin ganye daga cikinsa.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka raba hotunan nan ɗari uku gida biyu, ka zaɓi gida ɗaya. Cakuɗa baƙi da fari da masu launi a jeri guda yana sa aikin ya yi kama da na mutum biyu. Ba ka faɗi irin filtar da aka sanya maka ba, wato gilashin da ke tace hasken da zai isa sansa, amma tun da kana samun launi, ina kyautata zaton ta nanomita 720 ce, ko 665, ko 590. Ta 590 tana barin launi mai yawa ya shigo, har ganye ya koma ruwan zinare idan an musanya ja da shuɗi a kwamfuta. Ta 720 launinta kaɗan ne. Ta 850 kuwa baƙi da fari ce zalla. A ganina, ga mai neman shaida a karon farko baƙi da fari ya fi sauƙin riƙewa, domin daidaita launin ƙarya iri ɗaya a hotuna 15 da aka ɗauka a watanni daban-daban aiki ne mai wuyar gaske, kuma da zarar shuɗin sama a hoto na uku ya saɓa wa na hoto na tara, ido zai kama shi daga nesa. Idan kuma launin ne ya fi kwanta maka a rai, ka duba ko aikinka bai fi dacewa da rukunin fasahar gani ba maimakon rukunin shimfiɗar ƙasa, tun da kowane rukuni da ma'auninsa.

Sai batun jigo, wanda a nan ne kake da abin da mai nema daga Ingila ba shi da shi. Bishiyoyin ƙasarmu ba sa bin kalanda ɗaya. Kuka tana zubar da ganye da rani, sai ta fito a hoto kamar jijiyoyi masu toka. Darbejiya tana riƙe da ganyenta kusan duk shekara, sai ta yi fari fat a gefenta. Gawo kuwa yana yin akasin kowa, yana ganye da rani, yana tsayawa tsirara da damina. Mutumin da ya tsaya a gona ɗaya a gindin dutsen Kufena ko a fadamar kogin Galma, ya ɗauki bishiyoyin nan a watan Agusta sannan ya koma a watan Fabrairu, zai ga fari da duhu sun musanya wuri a tsakaninsu. Wannan jigo ne wanda infirared ke bayyana shi fiye da hoton launi, kuma irinsa ne ke amsa tambayar dalilin da ya sa ka zaɓi wannan hanya. Bayanin manufarka ya faɗi hakan a 'yan layuka, ba tare da kirari ba, kuma kada ka yi alkawarin abin da hotunan ba su nuna ba, domin da bayaninka za a auna su.

Wajen zaɓe, ka wanke hotuna kamar arba'in a ƙaramin girma, ka shimfiɗa su a tabarma, ka riƙa jerawa layi uku na biyar-biyar, wanda shi ne tsarin da masu nema da yawa suke bi. Hoton tsakiya ya zama mai nauyi, na gefe su fuskanci ciki, kuma kada biyu masu kama da juna su shigo, ko da dukansu suna da kyau. Ka bar su kwana biyu ko uku kana wucewa kana kallo. Hoton da ka fi so saboda wahalar da ka sha wajen hawa dutse sau da yawa shi ne zai fara fita.

Laifin da ya fi kashe jerin infirared shi ne ganyen da ya ƙone da fari har babu zane a cikinsa. Ka riƙa duba jadawalin haske na jan launi shi kaɗai, domin shi ne ke fara cika, ka rage haske kaɗan tun a wurin ɗauka. A kwamfuta kuma ka ƙara girman kowane hoto ka bi gefen bishiyoyi da duwatsu, ka tabbata babu farin zobe da yawan kaifafawa ya bari, babu kuma ɗigon ƙura a sararin sama, abin da ba ya rabuwa da mai aiki a cikin hunturu. Ƙungiyar tana da tsarin ba da shawara kafin a miƙa aiki, har ta intanet, kuma kuɗin da za ka biya a nan ya fi sauƙi a kan ka biya na tantancewa sau biyu.

Tambaya ta biyu daga wata 'yar'uwa ce a Maraɗi: "Hotunana na infirared suna fitowa da wani da'irar haske a tsakiya, kuma a Lightroom komai jajir yake, ya ƙi gyaruwa. Kyamarar ce ta lalace?"

'Yar'uwa, kyamararki lafiyarta lau, matsaloli biyu ne daban. Da'irar hasken daga lenz take, wato gilashin gaban kyamara, domin shafen da ake yi wa gilasai da baƙin fentin cikinsa an tsara su ne don hasken da ido ke gani, sai infirared ya riƙa kai-komo a ciki ya taru a tsakiya. Tana ƙara fitowa idan kin matse ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16. Ki ɗauki sararin sama tsantsa a f/4, f/5.6, f/8 da f/11, ki kwatanta. Idan da'irar tana nan har a f/5.6, sai ki sauya lenz, kuma tsada ba ta ba da tabbaci, domin akan sami mai araha ya fi mai tsada tsabta a wannan fanni. Matse ƙofar ma yana dusashe kaifin hoto da wuri a infirared saboda tsawon zangonsa.

Jan launin kuwa ya samo asali ne daga iyakar Lightroom, manhajar gyaran hoto, wanda ma'aunin zafin launinsa ba ya sauka ƙasa da Kelvin 2000, alhali hoton infirared yana bukatar ƙasa da haka. Ki ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba, ki daidaita fari a kyamara a kan ɗanyar ciyawa da rana ta haska, sannan ki haɗa furofayil na musamman, wato fayil ɗin da ke gaya wa Lightroom yadda zai fassara launin kyamararki, da manhajar DNG Profile Editor ta Adobe, wadda kyauta ce. Idan ba ki son wannan zagaye, darktable da RawTherapee kyauta ne, kuma suna ba da sarari fiye da haka wajen daidaita fari.

Tambaya ta ƙarshe daga wani ɗalibi a Kano: "Ba ni da kuɗin aika kyamara waje. Zan iya farawa da waya, ko in ba mai gyara ya cire mini gilashin?"

Ɗalibi, ka nuna rimot ɗin talabijin ga kyamarar wayarka ka danna. Idan ka ga haske mai ruwan hoda, to infirared kaɗan yana shiga. Da filta irin Hoya R72 a gaban waya ko kyamarar da ba a juya ba za ka sami hoto, sai dai kyamarar za ta bukaci daƙiƙu da yawa ko da rana tsaka, dole ka kafa ta a kan mariƙi mai ƙafa uku, kuma ganyen da iska ke kaɗawa zai fito a dushe. Wannan ya isa koyo, amma hoton waya da wuya ya jure girman da ake tantancewa da shi.

Batun mai gyara kuwa, na taɓa ƙonewa da shi. Na ba wani mai gyaran wayoyi tsohuwar kyamarata, ya cire gilashin da ke tare infirared daga gaban sansa, ya mayar da komai ba tare da ya sanya wani a gurbinsa ba. Da na fita gwaji, katangar da ke kusa ta fito da kaifi, amma duk abin da ke nesa ya ƙi zama, ga zaren auduga guda kwance a kusurwar kowane hoto. Dalili shi ne kaurin wancan gilashi yana cikin lissafin nisan da haske ke bi kafin ya taru, don haka dole a maye shi da gilashi mai kauri daidai da shi, a ɗakin da babu ƙura. Kamfanoni irin su Kolari Vision da LifePixel a Amurka suna sayar da gilashin da aka yanka wa kowace kyamara, har da kyamarorin da aka riga aka juya. Idan za ka saya, ka nemi marar madubi a ciki, domin ita tana saita kaifi ne daga abin da sansar ke gani kai tsaye, sai ka huta da lissafin ɗan jan ɗigon nan da ke jikin tsofaffin lenz, wanda ke nuna inda za a saita kaifi a infirared.